Kiɗan sarakuna da shigowar sabuwar shekara: me ya hau kan mai saurare?

A kowace ranar 1 ga Janairu, da hantsi, ƙungiyar makaɗan Filharmonik ta birnin Biyana, babban birnin ƙasar Ostiriya, takan yi taron kiɗa na marhabin da sabuwar shekara a zauren da ake kira Musikverein. Tun 1959 ake nuna shi a talabijin, yau kuma ana kallonsa a ƙasashe fiye da 90. Akasarin abin da ake kaɗawa na gidan Strauss ne, uba da ƴaƴansa, makaɗan ƙarni na 19. Bisa al'ada akan rufe taro da taken Radetzky, inda mahalarta ke raka makaɗa da tafi.

Sai dai kuma duk wanda ya tona asalin wannan biki zai yi jim. Johann Strauss uba ya tsara taken Radetzky a 1848 domin yabon wani babban hafsan Ostiriya da ya murƙushe Italiyawa masu neman haɗin kan ƙasarsu da ƴancinta. Shi kansa taron an soma shi ne ranar 31 ga Disamba 1939, lokacin da Ostiriya ke hannun Hitler, kuɗin da aka tara kuma suka tafi asusun agajin hunturu na mulkin Nazi. A 2013 masana tarihi, da amincewar ƙungiyar, sun bayyana cewa a 1942 makaɗa 60 cikin 123 ƴan jam'iyyar Nazi ne, kuma an kori 13 saboda asalinsu na Yahudawa ko dangantaka da su, biyar daga cikinsu suka mutu a sansanonin azaba. To, shin ya dace mutum ya tarbi shekara da kiɗan da ke da irin wannan tushe?

Tambayar ta shafe mu nan Damagaram, domin mu ma muna da kiɗan gado da muke tarbar manyan ranaku da shi: tambari da kakaki da algaita, waɗanda ke tashi ƙofar fada ranar hawan Sallah. Sarki Tanimu, wanda ya yi mulki daga 1854 zuwa 1884, shi ya kewaye Birni da ganuwa, ya sa aka ƙera igwa, ya haɓaka fatauci da Tarabulus. Amma cikin hajar da ayari ke ɗauka har da bayi da aka kamo a hare-hare. Tambarin da ya faranta ran mutumin birni, shi ne ya hana mutumin ƙauye barci. Kuma da irinsa aka raka Amadu Kuran Daga, wanda ya ƙi miƙa wuya ga Faransawa har suka kashe shi a 1899. Ke nan a bakin ganga ɗaya akwai abin alfahari, akwai abin kunya.

Wasu za su ce a bar kiɗan baki ɗaya. Amma in aka yi haka an zubar da kundin tarihi, domin kuwa a cikin take da kirari, da waƙoƙin irin su Ma'azu Ɗan Alalo, ake adana sunayen mutane da garuruwa da yaƙe-yaƙe. An kuma yanke wata gwaninta da ɗa ke gada wurin uba. Wasu kuma za su ce kiɗa kiɗa ne, a ji daɗi a wuce. Wannan ma akwai zalunci a ciki, tun da jikokin waɗanda aka kamo suna zaune cikinmu, muna sallah sahu ɗaya.

A ganina, abin da ya hau kan mai saurare shi ne ya saurara da sani. A 2021, saboda annobar korona, an yi taron Biyana babu kowa a zaure, aka kaɗa taken Radetzky ba mai tafi, duniya ta ji giɓin. Wannan ya nuna mai saurare yana da hannu a cikin kiɗa, wanda ke da hannu a abu kuwa yana da alhaki a kansa. Tafin wanda ya san ko wa ake yabo, da abin da ya aikata, yabo ne ga gwanintar makaɗi. Tafin wanda bai sani ba, kowane mai mulki yana iya aronsa, kamar yadda aka yi a 1939.

Saboda haka nauyi yana wuyan malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu, daga Zinder zuwa Mirriya da Hamdara. In za a shirya taron shiga shekara, ta Miladiyya ko ta Hijira, a gayyato makaɗan gargajiya, a biya su hakkinsu, a kuma sami dattijon da zai faɗa wa yara ko taken wa aka kaɗa, da alherin da ya shuka, da waɗanda suka zubar da hawaye a zamaninsa. Farkon shekara lokacin lissafi ne, kuma lissafin da aka ɓoye rabinsa ba ya fita daidai. Allah ya maimaita mana.