Duwatsun Kufai

Wanda ya san ƙasar Batsari da Safana ya san ƙasar duwatsu ce, tun daga Ruma har Runka, har bakin dajin Rugu. Mutanenta da ƙasa suke gini, amma ba su raina dutse ba. A kan duwatsu ake ɗora rumbu, don kada gara da danshi su taɓa hatsi. Dutse ne murhu, dutse ne maniƙa, da shi kuma waɗansu ke shaida iyakar gona. In gari ya tashi, damina kaɗan ta isa ta narkar da katanga, jinka ta ruɓe. Duwatsun nan kaɗai ke saura, kowane a inda mai shi ya ajiye shi.

Yanzu da wayar hannu ta yawaita, mutane na ɗaukar hoton irin waɗannan wurare, suna yaba kyansu. To, ya kamata mutum ya yi sha'awar abin da ya zama hasarar wani?

Sai mu fara rarrabewa, gama kufai iri biyu ne. Akwai tsohon kufai, kamar Surame a Jihar Sakkwato, birnin da Kanta Sarkin Kabi ya gina a ƙarni na 16. Har yau ana ganin ganuwarsa ta duwatsu, kuma tun 1964 hukuma ta sa shi cikin kayan tarihin ƙasa. Waɗanda suka yi wannan aiki sun daɗe da riga mu gidan gaskiya. Wanda ya tsaya ya duba yadda suka jera dutse bisa dutse, ya yaba, ya ba su hakkinsu ke nan. Malamai ma sun karantar da mu cewa duban kufan mutanen da wa'azi ne. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.

Akwai kuma sabon kufai. A shekarun baya 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka da yawa a gefen Rugu. A watan Fabrairu na 2020 an kashe mutum wajen talatin a Tsauwa da Dankar, cikin ƙasar Batsari. Masu irin wannan kufai ba mutanen da ba ne. Waɗansunsu na raye, sun san ko wane dutse na wane ne. Maniƙar da baƙo zai ga ta yi kyau a hoto, wata tsohuwa ta san uwarta ce ta niƙa dawa a kanta har ta yi rami.

Wani zai ce, ashe gara a bar ɗaukar hoton ɗungum. Wannan ma ba daidai ba ne. Gani ya kori ji. Ran da mutane suka koma gida, aka shiga gardamar iyaka gaban mai gari ko alƙali, hoton da ya nuna inda gindin rumbu yake zai iya zama shaida ga maraya. Abin da ba a rubuta ba, ba a kuma ɗauka ba, mantuwa ke cinye shi.

Saboda haka maganar tana ga niyya da ladabi. Mai ɗaukar hoto ya nemi izinin masu wuri in suna nan. Ya tambayi sunan garin da na mai gida, ya rubuta, tun da Allah ya ba shi karatu. Kada ya gusar da dutse ko ɗaya don hoto ya yi kyau, kada kuwa ya ɗauke maniƙa ya kai gida. In ya wanke hoton, ya ba masu gidan nasu.

Dutsen kufai amana ne, har mai shi ko magajinsa ya dawo. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya, amin.