Doki Mai Ido Ɗaya da Bas ta Hayin Teku

A cikin azumin shekarar 2024, wani yaro da na koya wa katekisma tun yana ƙarami ya kira ni a waya daga Beljiyam. Yanzu ya zama magidanci. Yana aiki a birnin Burasel, a unguwar Heyvaert, inda ake tara tsofaffin motoci kafin a kai su tashar jiragen ruwa ta Antwerp, a yi lodinsu zuwa Kwatano da Lome. Aikinsa shi ne ya ɗauki hoton motocin, ya aika wa masu saye a Yamai da Maraɗi da Damagaram, ya kuma yi ciniki da su da Hausa, gama maigidansa ba ya ji.

Bayan mun gaisa ya ce, "Baba Katekis, akwai wata ƙaramar bas a hannunmu. Gishirin da suke zubawa a kan hanya lokacin ƙanƙara ya sa tsatsa ta ci ƙarƙashinta. An yi mata fenti, daga sama sai ka ce amarya. Maigidana ya ce in ɗauki hoton sama kaɗai. Ya ce ai ban yi ƙarya ba, tun da ba wanda ya tambaye ni. Baba, zunubi ne?"

Ban ba shi amsa a daren nan ba, domin maganar maigidan ba maganar banza ba ce. Kowa ya san kasuwa. Wanda ya kai akuya ba ya tsayawa yana shelar cewa tana tari. Mai saye yana da ido, yana da hannu, sai ya buɗe bakinta ya duba haƙora. Shi kansa mai sayen ba waliyyi ba ne, yakan kushe kaya mai kyau domin a rage masa. Na kai tambayar wurin Fada, shi ne ya ba ni labarin Toma na Akwino, babban malamin ikkilisiya wanda ya rasu a 1274. Ashe ya taɓa yin nazari a kan wannan magana, ya kuwa yi misali da doki. A koyarwarsa, idan doki ido ɗaya gare shi, aibin a fili yake, ba dole ne mai sayarwa ya ambata ba, muddin ya rage kuɗin daidai da aibin. Amma aibin da yake ɓoye, wanda zai jawo wa mai saye hasara ko haɗari, wannan tilas a faɗa.

Da na koma gida ina juya zancen, sai na ga inda maigidan yaron ya kauce. Dokin Toma yana tsaye gaban mai saye. Bas ɗin nan kuwa teku da hamada suna tsakaninta da wanda zai biya kuɗinta. Ba zai durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta ba, ba zai ji ƙarar injin da sassafe ba, ba zai taka birki ba. Idonsa duka shi ne hoton da aka ga dama aka aiko masa. Saboda haka a cinikin nesa babu aibin da yake a fili. Ko ido ɗayan dokin ma ɓoyayye ne, in dai mai hoton ya tsaya ta gefen ido mai gani. Wanda ya riƙe wayar ya zama idon ɗan'uwansa, kuma ido da yake zaɓen abin da zai nuna ya riga ya yi shaidar zur, ko da baki bai furta kome ba.

Kakanninmu sun san wannan wahala. Fataken da suke zuwa Salaga a ƙasar Gwanja sayen goro baƙi ne a can, ba su san kowa ba. Abin da ya riƙe fatauci shi ne maigida. Shi yake saukar da baƙo, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan an ba da bashi. Idan aka cuci baƙonsa, sunansa ne ya ɓaci, ayarin baɗi kuma sai ya sauka a wani gida. Yau ciniki ya koma cikin WhatsApp, mutum yana aika miliyoyin sefa ga muryar da bai taɓa ganin mai ita ba. Wurin maigidan nan ya zama kango, dole mai sayarwa ya cika shi da hannunsa.

Hanyoyin ba boyayyu ba ne. A ba mai saye lambar shasi tun farko. A ɗauki bidiyo ana ta da injin yana sanyi, a ɗaga motar a nuna ƙarƙashinta. A bar shi ya aiko makaniken da shi ya zaɓa. A Beljiyam tun 2006 akwai takardar da ake kira Car-Pass, wadda take nuna kilomitan da mota ta yi a lokuta dabam dabam, domin hana mayar da agogon mota baya. Alhajin Maraɗi bai san da ita ba, amma mai sayarwa ya sani. A Japan, inda Hiyas da Kwasta suke fitowa, masu duba motocin gwanjo sukan cika takarda, su zana motar, su sa alama a duk inda ta ƙuje ko ta lotsa. Game da motocin Japan ɗin ma akwai abin da ya kamata a faɗa wa mutum tun bai tambaya ba: su ta hagu suke tuƙi, saboda haka ƙofar fasinja ta bas ɗinsu, in an kawo ta ƙasarmu, tsakiyar hanya take buɗewa. Batun kuɗi kuma, a raba shi, kashi na ƙarshe sai an ga takardar lodin jirgi. Kowace ɗaya cikin waɗannan tana rage wa mai sayarwa ikon cuta, shi ya sa take jawo yarda.

Amma abin da ya fi hana ni barci ba alhajin ba ne. Shi ɗan kasuwa ne, in ya yi hasara zai mayar wata rana. A cinikin bas akwai mutanen da ba su zauna a wurin ciniki ba, ba a kuwa nemi shawararsu ba: matar da za ta je kasuwa da kwandon tumatir, 'yan makaranta, marar lafiya da ake kai wa Galmi. Su ne za su zauna a kan ƙarfen da tsatsa ta cinye, a kan hanya mai ramuka, da lodi ninki biyu na abin da aka ƙera motar dominsa. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ce tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, Afirka kuma ita ta fi kowace nahiya karɓa. Ban ce a daina kawo su ba. In ba dominsu ba, da yawancinmu a ƙafa muke tafiya. Attaura ba ta hana sayar da tsohon kaya ba. Abin da Maimaitawar Shari'a sura 25 ta hana shi ne mutum ya ajiye ma'auni iri biyu a jakarsa. Hoto ɗaya domin mai saye, gaskiya ɗaya domin mutanen gareji, ma'auni biyu ke nan. Maƙwabtanmu Musulmi ma suna kiran wannan algus, malamansu kuwa ba sa wasa da shi.

Mota kuma in ta iso ba ta komawa. Bayan da aka rufe iyakar Nijar da Benin a 2023, kaya suka koma bi ta Lome da Burkina Faso, hanya ta ƙara tsawo, kuɗi ya ƙaru. Wanda ya sha wannan ɗawainiya, in ya tarar da ruɓaɓɓen ƙarfe ba zai jefar ba. Zai kai wa mai walda ya lika, ya sa ta a tasha.

Wannan na faɗa wa yaron bayan Ista. Ban yi masa alkawari cewa gaskiya za ta kawo masa riba ba, gama na ga masu gaskiya da suka mutu da bashi, shi kuma yana da mata da 'ya'ya biyu a ƙasar da ba tasa ba. Ya je ya sami maigidansa, ya ce ba zai aika hoton sama ba sai tare da na ƙasa. Aka yi kwana uku ba a yi masa magana ba. Daga baya maigidan ya ce ya yi yadda ya so, amma in ciniki ya faɗi, daga la'adarsa za a cire.

Alhajin farko da ya ga bidiyon bai ƙara amsa waya ba. Na biyu ya sa aka rage masa kuɗi sosai, ya saya domin injin da giya, ya ce gangar jikin kaji za su kwana a ciki. La'adar yaron ta wannan wata ba ta kai kuɗin haya ba. Har yanzu yana nan a garejin, alhajin na biyu kuma ya sake kiransa sau ɗaya, yana neman mai kujera talatin.