Shin Gudu Yana Zubar Da Mutuncin Magidanci?

Wani bawan Allah mai sana'ar dabbobi a nan Maigatari ya aiko da tambaya. Ya haura shekara 40, likita ya ce jininsa ya hau, sai ya rage gishiri ya riƙa motsa jiki. Ya fara sassarfa bayan sallar Asuba a kan titin Gumel, har ya ƙudurta shiga tseren kilomita 10 da ake haɗawa da babban gudun Legas, wanda aka fara a 2016. Bai taɓa tsere ba tun yana firamare. Damuwarsa ba gajiya ba ce. 'Yan majalisarsu ne suka sa shi gaba: "Alhaji, wa ya koro ka?" Wani ma ya ce masa mai iyali da gemu ba ya gudu sai in gobara ta tashi.

Kada mu yi saurin raina maganar mutanen nan. Malaman fiƙihu sun yi bayani a kan muru'a, wato kame kai daga abin da ke zubar da girma ko da ba haramun ba ne, har suka sa ta cikin sharuɗɗan karɓar shaida. A cikin Suratu Luƙman, aya ta 19, an yi umarni da tsakaitawa a tafiya. Kuma an hana mu zuwa sallah a guje ko da an tayar da iƙama. To duk wannan ba ya nuna gudu bai dace da kamili ba?

A'a. Hanin can na mai zuwa sallah ne, don ya isa gaban Ubangijinsa da natsuwa, ba yana haki ba. Ayar kuma tana magana ne a kan tafiyar yau da kullum. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha (RA) a wata tafiya ta wuce shi, bayan wasu shekaru da ta yi jiki suka sake, shi kuma ya wuce ta. A lokacin ya haura shekara 50, yana jagorantar al'umma. A Sahihu Muslim akwai labarin Salamatu ɗan Akwa'u da ya nemi izinin Annabi ya yi tsere da wani Ba'ansare a hanyar komawa Madina, aka ba shi. Kai, duk alhajin da ke cikin majalisar can ya yi sassarfa tsakanin korayen fitilu a Safa da Marwa, kuma ban ji wanda ya dawo ya ce girmansa ya zube a can ba.

Muru'a tana bin al'adar wuri da zamani, haka ne. Amma al'ada ba ta da ikon hana mutum kula da amanar da Allah Ya ba shi, kuma jiki amana ne. Kakanninmu ba su bukaci tsere ba saboda da ƙafa suke zuwa cin kasuwa daga Sule Tankarkar ko Gagarawa, su yi noma da hannu. Mu kuwa ko shagon bakin layi sai mun hau babur. Wane ne ya fi kusa da zubewar mutunci, wanda aka gani yana gumi a titi da sassafe, ko wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar yana da shekara 50, 'ya'yansa na juya shi a kan tabarma? Cuta da lafiya na Allah ne, amma an umarce mu da riƙo da sababi.

Inda nake jin tsoro daban ne. Gajeren wandon 'yan tsere ba namu ba ne, daga cibiya zuwa gwiwa a rufe. Kada gudun ya ci sallah: wanda zai iya tashi ƙarfe 5 don atisaye ya rushe duk uzurinsa na makara a jam'in Asuba. Sai kuma waya. In kowace safiya sai ka ɗora hoton kilomitocin da ka yi a Facebook, ka tambayi zuciyarka wa kake yi wa gudun.

Akwai kuma wani girman kai da ke ɓuya a cikin himma. Sabon shiga yakan so ya nuna wa masu dariya, sai ya zabga kilomita 5 a ranar farko, gwiwa ta kumbura, ya ajiye takalmin har abada. Ka fara da gudun minti 1, tafiyar minti 2, sau 3 a mako, kana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Mai hawan jini ya ji ta bakin likitansa kafin ya ƙara nisa. Ka bi gefen da kake fuskantar motoci, musamman Alhamis da manyan motocin shanu ke cika titi. In bazara ta kama, ka gama kafin rana ta ɗaga.

Ranar tseren kuwa ba kai za ka zo na ɗaya ba. A babban gudun mai kilomita 42, 'yan Kenya da Habasha ne suka saba lashewa, a naka ma yara sa'annin ɗanka za su wuce ka kamar kana tsaye. Ka saba wa zuciyarka da wannan tun yanzu, don ya fi kilomita 10 ɗin wuya a kan mutumin da ya saba a durƙusa a gaishe shi a kasuwa.