Bashin Da Muke Bin Mawaƙi

Ƙarshen daminar 2022 ne, gero ya fara nuna, muna cikin wata mota da ta taso daga Gaya za ta Ajingi, an danna mu huɗu-huɗu a baya. Direba ya jona wayarsa ya saki "Warr" ta Ado Gwanja. Ba mu yi nisa ba wata dattijuwa mai ƙullin kayan miya a cinya ta ce, "Kai ɗan nan, rage mana hayaniyar nan don Allah." Wani saurayi ya waiwayo yana dariya, "Haba Inna, ai Gwanja ne, limaminku na mata." Ta ce, "Wane Gwanjan? Wanda na sani, da waƙarsa aka kai 'yata ɗaki. Wannan ban san shi ba."

Nan mota ta kaure da musu. Wasu suka ce ya lalace, wasu suka ce sai yanzu ya faso gari. Wani mai hula zanna ya yanke hukunci da cewa ya ci amanar masoyansa, kuma babu wanda ya tanka masa.

Wannan kalma ta amana ita ta tsaya mana a rai. Amana abu ce da aka ba ka ajiya, ranar da mai ita ya zo ka miƙa masa yadda ya bar ta. To mu me muka ba mawaƙi ajiya? Yaushe aka ƙulla, su wa suka shaida?

A da tambayar tana da amsa, domin makaɗi yana da ubangida. Sarki ne ko basarake yake ci da shi, ya ɗinka masa riga, ya ba shi doki, wani lokaci har gida. Wanda ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski. In makaɗin fada ya sauya hanya, akwai mutum guda da zai iya kiransa ya ce ba haka muka yi da kai ba. Mu yanzu mun gaji fushin ubangida, amma ba mu gaji aljihunsa ba. Mu faɗa wa kanmu gaskiya: yawancinmu a Gaya da Ajingi ta ina waƙa take zuwa wayarmu? Shagon caji ake zuwa a miƙa memori a cika ta, ko aboki ya turo ta Xender. Ɗan abin da muka biya a aljihun mai shago yake tsayawa, ko sisi ba ya kai wa wanda ya kwana a situdiyo. Mawaƙin yana cin abinci ne a gidan biki, da wurin 'yan siyasa, da abin da YouTube ya ba shi. Idan kunnen masu biki da yaran TikTok ya karkata ga kiɗa mai sauri, shi ma can zai karkata. Mu kuma sai mu bi shi da bashin da ba mu taɓa ba shi ba.

Ba mu ce mai sauraro bai ba da komai ba. Ya ba da kunne, kuma da kunnen jama'a ake gina suna. Dattijuwar nan da ire-irenta su suka tashi tsakar gida suka taka rawa har sunan mawaƙin ya kai inda ya kai. Sai dai kyauta suka yi, kuma kyauta ba ta zama igiya a ƙafar wanda aka ba.

Abin dariyar shi ne, waɗanda muke kafa hujja da su cewa na da ba sa sauyawa, su ma sun sauya. Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, da waƙoƙin noma ya fara kafin ya zama makaɗin sarakuna har ya yi wa Sardauna waƙa. Ibrahim Narambaɗa ma ya yi waƙar manoma kafin ya tare a fadar Sarkin Gobir na Isa. Duk wanda ya taɓa riƙe garma a gayya ya san abin da ganga take yi wa ƙashin baya in rana ta take. Manoman da aka bari a kunya babu makaɗi, da wuya a ce sun yi murna. Da an bi son ransu, da yau ba mu da waƙoƙin da muke cewa babu kamarsu. Haka aka yi lokacin da fiyano ta mamaye waƙoƙin fim a Kano a ƙarshen shekarun 1990, dattawa suka ce an kashe kalangu da kotso. Da wasu sha'irai suka ɗora yabon Manzo a kan fiyanon nan maimakon mandiri, sai da aka yi ta muhawara. Yaran da suka tashi da wannan sauti su ne iyaye a yau, kuma shi suke kira kiɗan asali.

Ba mu kaɗai ke da wannan hali ba. A Amurka, a 1965, Bob Dylan ya hau dandamalin Newport da jita mai lantarki, wasu daga cikin waɗanda suka saba jinsa da jitar katako suka yi masa ihu. Norah Jones ta fito a 2002 da sanyin murya da fiyano mai ɗanɗanon jaz, ta kwashe kyaututtukan Grammy a shekarar da ta biyo baya. Da ta fitar da kundi a 2009 wanda jita da ganguna suka fi ƙarfi a ciki, masu sauraronta suka rabu, wasu na yabo, wasu na neman a dawo musu da ta da.

Ta da kuwa ba ta je ko'ina ba, kuma nan ne muke ganin lauje cikin naɗi. Waƙar da aka kai 'yar dattijuwar nan ɗaki da ita tana nan, babu wanda ya goge. In ta so, jikanta zai kunna mata yau da daddare. To me ya ɓata? Muna zaton abin da ya ɓata ba ya cikin memori. Ranar bikin ce, da ƙawayen da suka yi guɗa, wasunsu ƙila sun riga mu gidan gaskiya, da ƙafar da a lokacin take iya rawa. Mawaƙi yana cikin 'yan abubuwan da muke sa ran su tsaya cak yayin da komai yake wucewa. Idan shi ma ya motsa, sai mu ga shekarunmu a fili, mu ɗora masa laifin. Mu da muka bar garma muka koma acaba, muka bar ƙauye muka tafi ci-rani, ba mu nemi izinin kowa ba.

Amma kada mu yi wa dattijuwar rashin adalci, don ba kewa ce kaɗai a bakinta ba. Sauya kiɗa daban, sauya abin da baki yake furtawa daban. A shekarar 2022 hukumar NBC ta hana gidajen rediyo da talabijin sa wannan waƙa, kuma ƙorafinta a kan kalamai ne da abin da aka nuna a bidiyo, ba a kan saurin ganga ba. Ko mun yarda da hukuncin ko ba mu yarda ba, uwa tana da ikon tambayar abin da ɗanta mai shekara bakwai yake rerawa a hanyar islamiyya. A nan kam akwai bashi, kuma ba na masoya ba ne kawai, har wanda bai taɓa son mawaƙin ba yana bin sa, tunda waƙa ba ta sallama kafin ta shiga gida. Akwai kuma sauyin da ba nema ba ne, ganda ce: mutum ya gaji da saƙa baiti sai ya maimaita kalma uku a kan kiɗan kwamfuta ya ce zamani. Wanda ya ji haka ya kashe wayarsa ya kama wani mawaƙin, bai zalunci kowa ba.

Damuwarmu ita ce ba ma tsayawa mu rarrabe. Kewa, da tsoron lalacewar tarbiyya, da ƙin aikin ganda, duk mukan zuba su a ƙwarya guda mu ce cin amana, sau da yawa tun waƙa ba ta kai rabi ba. A motar nan babu wanda ya ji ta har ƙarshe, har da mu. Direba ya gaji da surutu ya sauya zuwa Shata, kowa ya yi tsit, mai hula zanna yana kaɗa kai. Saurayin ya zaro abin kunne ya toshe, ya ci gaba da jin tasa. Dattijuwar ta sauka a wata mararraba kafin Ajingi, ta karɓi canjinta, ta ce wa direba, "Allah Ya yi maka albarka, ɗana, amma ka nemo na bikin nan ka ajiye, zan sake shiga motarka."