Malejin da aka mayar baya

A garejojin Gwarzo da Kabo akwai tsofaffin Peugeot 504, irin waɗanda kamfanin Kaduna da aka buɗe a 1975 ya riƙa haɗawa, sun zama makwancin kaji. 'Yan gwangwan kan sayi ƙarfen a kilo, amma malejin ya fi haka daraja, domin masu tara tsofaffin motoci da masu farfaɗo da su suna nemansa, daga Ƙofar Ruwa har intanet.

A nan jarrabawar take. Da sukudireba ɗaya za mu iya mayar da lambobin baya, farashi ya tashi. Sai mu lallashi kanmu: ai malejin ya rabu da motarsa, wa aka cuta? Kuma mai lambobi biyar, in ya wuce 99,999, da kansa yake komawa sifili.

To, wancan iyakar na'ura ce, namu kuwa da gangan ne. Mai saye yana biyan ƙarkon da ya rage a haƙoran ciki, kuma lambobin nan ne shaidarsa. In mun taɓa su, haƙƙinsa muka ci, ko da bai gano ba. Share ƙura gyara ne, share tafiya algus ne. Mu sayar da maleji da tarihinsa, ko da ribar ta ragu.