Filafili da Amanar Masassaƙi

Daga Nima ko Maamobi ba a ganin teku. Mutanen waɗannan zanguna na birnin Akra 'yan kasuwa ne da teloli da kafintoci da makanikai, ba masunta ba. Amma kifin da ake soyawa a bakin titin Nima, ana ci da wake da shinkafa, da yawansa daga bakin ruwan Jamestown da Chorkor yake fitowa, inda masunta mutanen Ga suke tura kwalekwalensu cikin raƙuman ruwa tun kaka da kakanni. Cikin kayan aikinsu akwai wani ɗan itace wanda ba a cika kula da shi ba, wato filafili. Sassaƙarsa tana ɗauke da tambaya mai nauyi: idan ma'aikaci ya karɓi kuɗinsa, mai saye kuma ya tafi da murna, hakkin aikin ya sauka daga wuyansa ke nan?

Kafin a buɗe tashar jiragen ruwa ta Tema a shekarar 1962, manyan jirage ba sa iya matsowa gaɓar Akra. Can nesa suke tsayawa, sai ƙananan jirage su kai musu buhunan koko, su komo da kayan Turai. Ƙarfin dantse da filafili kaɗai ke tuƙa su, filafilin Akra kuwa an san shi da bakinsa mai yatsu uku. Cinikin babban birni ya daɗe yana rataye a kan itacen da wani ya sassaƙa da hannu, ba wanda ya riƙe sunansa.

Kwalekwalen kansa daga kututturen itacen wawa guda ɗaya ake fafe shi a kurmi, a kawo shi bakin teku. Filafili kuwa yana son itace mai ƙwari wanda ba shi da nauyi ainun. Gwanin masassaƙi yakan tsaga gungumen bisa ga yadda jijiyoyinsa suka miƙe, domin jijiya ɗaya ta tashi daga mariƙi har bakin faifan. Ya ajiye shi a inuwa ya bushe a hankali, gama rana takan fasa shi. Sa'an nan ya sa gizago ya rage, ya fitar da sanda, ya lallatsa faifan, yana barin tsakiyarsa da kauri, gefensa da siranta. Wurin da sanda ta haɗu da faifai, wato wuya, nan ne dukan nauyin ruwa yake taruwa. In akwai kulli ko tsaga a wuyan, nan zai karye.

To, a ce masassaƙi ya yi kwana biyu a kan filafili, yana cikin gogewa sai ya ga siririyar tsaga a wuya. Garin katako da gam za su rufe ta, fenti kuma ya ɓoye sauran. Ba wanda zai sani. Zuciyarsa ba za ta rasa hujja ba. Za ta ce masa kasuwa ce, mai saye yana da ido, ya duba kafin ya biya. Za ta ce yanzu zamanin inji ne, tun wajen 1960 masuntan Gana suka fara ɗaura wa kwalekwale inji, filafili sai jefi-jefi ake taɓa shi. Za ta kuma tuna masa da kuɗin haya da kuɗin makarantar yara.

Hujja ta fari ba ta tsaya ba, gama mai saye fenti yake gani, masassaƙi ne kaɗai ya ga cikin itacen. Ciniki tsakanin wanda ya sani da wanda bai sani ba, amana ce ke riƙe da shi. Mai saye ba itace kawai ya biya ba, ya biya har da idon gwani. Hausawa sun ce, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Hujja ta biyu ma kanta take kayarwa. Gaskiya ne ba kullum ake ɗaukar filafili ba. Amma yaushe ake ɗaukarsa? Ran da inji ya mutu a tsakiyar teku, ko mai ya ƙare, ko sa'ad da ake juya kan jirgi a cikin raƙuman bakin gaɓa. Abin da aka ajiye domin ranar wuya, shi ne ya fi kowane bukatar zama mai aminci. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A nan kuwa masassaƙi ne ya ja ruwan, yana kwance a ɗakinsa, wani ne ruwan zai doka. Wannan ne ya sa laifin ya yi muni.

Hujja ta uku ita ce mai nauyi, ba kuwa za a raina ta ba. Gaskiya tana da tsada, talaka kuma ya fi jin tsadarta. Aikin kwana biyu ba abin zubarwa ba ne. Duk da haka akwai hanya. Itacen da bai isa shiga teku ba, ana iya datse shi a fitar da muciya, masu tuƙa tuwon zafi da banku a Nima za su saya. Ribar ta ragu, amma ba ran kowa a cikinta. Masu saye su ma suna da nasu rabon. Wanda ya matsa wa ma'aikaci da tayi har ƙasa da kuɗin itace mai kyau, yana koya masa ha'inci ne, sa'an nan ya komo yana kukan ba sauran masu gaskiya.

Wannan magana ba ta bakin teku kaɗai ba ce. Makanikin da ya ɗaure birkin trotro a Maamobi ba zai shiga motar ba. Maginin da ya rage siminti ba zai kwana a benen ba. Mai sayar da magani ba shi zai sha ba. Kowannensu yana riƙe da ran wanda bai taɓa gani ba, a wurin da ido ba ya kaiwa. Mutanen Nazarat ma da sana'ar sassaƙa suka fara sanin Yesu, kamar yadda Markus ya nuna a sura ta 6, wannan kuwa ya isa ya nuna cewa aikin hannu ba ƙaramin abu ba ne a gaban Allah.

Saboda haka hakkin aiki ba ya sauka ran da aka ƙirga kuɗi. Yana bin kayan har inda aka kai su, muddin ana amfani da su. Masassaƙin kirki, kafin ya shafa fenti, yakan tambayi kansa ko zai yarda ya miƙa wa ɗansa wannan filafili da dare a tsakiyar teku. In ba zai yarda ba, kada ya miƙa wa ɗan wani.