Da Ba Don Mu Ba

Akwai wata magana da ta zama tamkar kirari a bakin wasu Amurkawa duk lokacin da gardama ta haɗa su da mutumin Ingila ko na Faransa. Gardamar takan faro ne daga bindiga. Wani ya shiga makaranta ko kasuwa a Amurka ya buɗe wuta, labari ya bazu, sai Baturen Ingila ya kama baki ya ce shi dai bai ga dalilin da za a bar kowa da kowa da makami a ɗaka ba. Maimakon Ba'amurke ya amsa maganar bindigar, sai ya waiwaya baya shekaru tamanin ya ce, "Da ba don mu ba, ai da yanzu Jamusanci kuke yi." Daga nan an bar zancen yaran da aka harbe jiya, an koma lissafin wanda ya kayar da Hitila.

Abin da ya ja hankalinmu a cikin wannan kirari shi ne kalmar nan 'yar ƙarama, wato "mu". Mai faɗinta sau da yawa ko mahaifinsa ba a haifa ba lokacin da aka yi yaƙin. Bai taɓa kwana a rami ba, bai ji ƙarar igwa ba, amma ga shi yana karɓar godiya a madadin matattu. Shin yana da wannan haƙƙi? Wasu masu tunani sun ce a'a, wai mutum ba ya alfahari sai da abin da hannunsa ya aikata. Mu ba mu tafi a kan wannan ba. Ɗan Adam yakan gaji gida da gona da harshe da suna, kuma ba laifi ba ne ya ji daɗi in an ambaci kakansa da alheri. Al'ummar da ba ta iya cewa "mu" game da abin da ya wuce, ba za ta iya cewa "mu" game da abin da ke tafe ba. Sai dai kowa ya san ƙa'idar gado: ba a raba dukiyar mamaci sai an fitar da bashin da ake bin sa. Magajin da ya rungume gida ya ce ba ruwansa da masu bin bashi, ba ma kiransa mai kishin uba.

To, bari mu dubi dukiyar tukuna, don kada a ce mun yi rowar yabo. Amurka ta yi aiki a Yaƙin Duniya na Biyu, aiki kuwa ba ƙarami ba. 'Ya'yanta fiye da 400,000 ne suka mutu. Tun a watan Maris na 1941, kafin ma ta shiga yaƙin, ta kafa dokar ba da aron kayan yaƙi, kuma kafin a gama ta tura wa abokan ƙawancenta kaya na kimanin dala biliyan 50. Tarayyar Sobiyat kaɗai ta sami na wajen dala biliyan 11, ciki har da motoci kusan 400,000, ga abincin gwangwani, ga man jirgin sama. Khrushchev, wanda ya mulki Sobiyat daga baya, ya faɗa a cikin tarihin rayuwarsa cewa Stalin da kansa ya sha amincewa da girman wannan taimako. A tekun Fasifik kuwa, Amurka ce ta ɗauki mafi nauyin yaƙin ruwa da Japan. Wanda ya musa wannan, son zuciya ne ya rufe masa ido.

Amma akwai sauran shafin littafin. An fara yaƙi a Turai a watan Satumba na 1939, Amurka ba ta shiga ba sai da Japan ta kai mata hari a Pearl Harbor ranar 7 ga Disamba 1941, kuma Hitila ne ya fara shelanta yaƙi a kanta bayan kwana huɗu. Mutanen Sobiyat da suka mutu, soja da farar hula, sun kai wajen miliyan 27. Wato duk Ba'amurke ɗaya da ya faɗi, mutum fiye da sittin sun faɗi a can. Wajen kashi uku cikin huɗu na sojojin Jamus da aka kashe, a fagen gabas suka mutu, kuma an karya ƙashin bayan rundunar Hitila a Sitalingirad tun watan Fabrairu na 1943, shekara guda da 'yan watanni kafin saukar Normandi. Ita kanta saukar ta ranar 6 ga Yuni 1944, daga cikin sojoji kimanin 156,000 da suka dira, Amurkawa wajen 73,000 ne, sauran mafi yawansu 'yan Birtaniya ne da Kanada. Gaɓa biyar aka sauka, biyu ne na Amurka.

Mu ma nan ba 'yan kallo ba ne a wannan lissafi, ko da yake ba a cika jin sunanmu ba. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yi yaƙi da Japan a dazukan Bama, kuma Hausa na cikin harsunan da ake ba da umarni da su a bariki. Jiragen yaƙi dubbai da aka harhaɗa a Takoradi, a ƙasar da yanzu ake kira Gana, ta Kano da Maiduguri suka bi suka nufi Hartum da Alƙahira. Ba mu kawo wannan don mu ma mu kafa namu kirarin ba. Mun kawo shi ne don a ga cewa jinkar nan hannaye da yawa suka ɗaga ta.

Yaya aka yi to labarin ya karkata? A nan ne abin ya shafe mu, mu masu riƙe da alƙalami. Wata cibiyar jin ra'ayin jama'a a Faransa mai suna IFOP ta tambayi Faransawa a 1945 ƙasar da ta fi kowa taka rawa wajen kayar da Jamus. Kashi 57 cikin ɗari suka ce Sobiyat, kashi 20 suka ce Amurka. Da aka maimaita tambayar a 2004, sai kashi 58 suka ce Amurka, kashi 20 suka ce Sobiyat. Ba a sake yin yaƙin ba a tsakani, ba a tono wani sabon kabari ba. Abin da ya faru shi ne yaƙin cacar baka da shekaru sittin na littattafai da silima. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Misali mafi muni shi ne fim ɗin U-571 na shekarar 2000, wanda ya nuna sojojin ruwan Amurka suna ƙwato na'urar saƙon sirri ta Jamus daga jirgin ƙarƙashin teku. A zahiri sojojin ruwan Ingila ne suka fara yin wannan, a watan Mayu na 1941, lokacin Amurka ba ta ma shiga yaƙin ba. Abin ya kai har Firayim Minista Tony Blair ya yi tir da shi a majalisa. Marubucin da ya ce ai ƙagaggen labari ne kawai, ya tuna cewa mafi yawan mutane daga ƙagaggen labari suke koyon tarihi.

Akwai kuma wani bashi da ya girmi wannan. In "da ba don mu ba" hujja ce, to Bafaranshe ne ya fi cancanta ya fara faɗinta. Yawancin albarushin da Amurkawa suka yi amfani da shi a farkon yaƙin neman 'yancinsu daga Faransa ya zo. A Yorktown a 1781, inda rundunar Ingila ta miƙa wuya, sojojin Faransa dubbai ne suka tsaya tare da George Washington, kuma jiragen ruwan Faransa ne suka tare teku suka hana Ingila kawo ɗauki.

Wannan ne ya dawo da mu kan bindiga, domin labarin da aka gina haƙƙin riƙe ta a kai ɗan'uwan wancan kirarin ne. Labarin yana cewa manomi ne ya sauko da bindigarsa daga bango ya kori sarkin Ingila. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki: ranar 19 ga Afrilu 1775 sojojin Ingila sun fita don su ƙwace makaman da aka tara a garin Concord, 'yan sa-kai suka tare su, yaƙi ya ɓarke. Amma Washington da kansa ya sha kuka da 'yan sa-kan nan a wasiƙunsa na 1776, yana neman a ba shi soja na dindindin mai horo. A 1791 aka sanya gyara na biyu a tsarin mulki, jimla ɗaya tak, wadda ta faro da ambaton buƙatar rundunar sa-kai mai tsari, ta ƙare da haƙƙin jama'a na mallaka da ɗaukar makami. Shekaru fiye da ɗari biyu ana jayayya kan ko farkon jimlar ne ke jan ƙarshenta. Sai a 2008, a shari'ar Heller, Kotun Ƙoli ta yanke da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu cewa haƙƙi ne na mutum ɗaya a cikin gidansa, ko da ba ya cikin wata runduna. A 2022, a shari'ar Bruen, kotun ta ƙara da cewa duk dokar taƙaita bindiga sai ta dace da al'adar tarihin ƙasar. Mai karatu ya lura da wannan da kyau: yadda ake ba da labarin kakanni ya zama shi ne ma'aunin wanda zai rataya makami ya shiga gari.

Hatta Yaƙin Duniyar an janyo shi cikin hujjar. Gaskiya ne a 1940 wasu Amurkawa sun tara bindigoginsu na gida sun aika Ingila don tsaron ƙasa. Amma maganar nan da ake jingina wa Admiral Yamamoto na Japan, wai ya ji tsoron mamaye Amurka saboda akwai bindiga a bayan kowace ciyawa, masana tarihi sun nemi tushenta ba su samu ba. Sojan da ya sauka a Normandi kuwa, gwamnati ce ta ɗauke shi, ta horar da shi, ta ba shi bindiga mai lamba, ta karɓi abarta da aka sallame shi.

Ba za mu yi wa masu kare bindiga rashin adalci ba, don suna da hujja mai nauyi, kuma ba daga inda ake zato ta fi ƙarfi ba. A 1892, lokacin da ake rataye baƙaƙen fata a kudancin Amurka hukuma na kallo, 'yar jarida Ida B. Wells ta shawarci kowane gidan baƙar fata da ya ajiye bindiga. A 1964 wasu baƙaƙen fata a jihar Luwiziyana, da dama daga cikinsu tsofaffin sojoji, suka kafa ƙungiyar tsaro da makamai don kare masu fafutukar 'yanci daga 'yan Ku Klux Klan. Wanda ɗan sanda ba ya zuwa in ya kira, ba shi da sauƙin a ce masa ya miƙa makaminsa. Duk wanda ya taɓa zama inda hukuma ta yi nisa ya san wannan tsoro, kuma ba ma raina shi. Sai dai wannan hujja ce ta mai rauni da ƙasarsa ta yi watsi da shi, ba a gina kirari da ita. Baƙaƙen fata fiye da miliyan ɗaya sun yi wa Amurka aikin soja a yaƙin Hitila a cikin rundunoni da aka ware da launin fata, ba a soke wariyar ba sai da umarnin Shugaba Truman na 1948. Wannan ma yana cikin kayan gadon, a akwati ɗaya da lambobin yabo.

Yanzu ga bashin da ba a son buɗe littafinsa. Wani ƙiyasi na 2017 ya nuna bindigogi kimanin miliyan 393 ne a hannun farar hula a Amurka, wato sun fi mutanen ƙasar yawa. A 2021 mutum 48,830 ne suka mutu ta hanyar bindiga, fiye da rabinsu kuwa su suka kashe kansu, abin da ba a cika faɗa ba saboda ba ya cika shafin farko na jarida. Daga 2014 zuwa 2023 adadin ya zarce 400,000, daidai da abin da ƙasar ta rasa a yaƙin da take tutiya da shi. A makarantar Sandy Hook a 2012 an kashe yara 20 da manya 6. A Uvalde a 2022, yara 19 da malamai 2. Birtaniya ta ga irin wannan rana a Dunblane a 1996, inda aka kashe yara 16 da malamarsu, kuma shekara ta gaba ta haramta mallakar ƙananan bindigogi. Ostireliya, bayan kisan mutum 35 a Port Arthur a wannan shekarar, ta saye bindigogi wajen 650,000 daga hannun jama'a ta lalata. A shekarar ta 1996 dai majalisar Amurka ta sa wa hukumar lafiyarta sharaɗin da ya sa kuɗin bincike kan mace-macen bindiga ya ƙafe, ba a sake ware masa kuɗi na musamman ba sai a ƙarshen 2019.

Ba mu ce dole Amurka ta kwaikwayi Ingila ba. Tarihinsu daban, faɗin ƙasarsu daban, kuma hukuncin yana hannun masu ƙasar. Abin da muke ƙi shi ne "mu" mai zaɓe, wadda ke buɗewa ta haɗiye mutum miliyan ɗari uku in ana zancen Normandi, ta kuma tsuke ta koma "wani mahaukaci guda" in ana zancen Uvalde. Kowa ya ci ladan kuturu ai ya san abin da ke biyo baya. Kuma Baturen da ke gardamar shi ma ba wankakke ba ne, don yana da nasa akwatin: Faransa ta harbe sojojinta 'yan Afirka a sansanin Thiaroye kusa da Dakar ranar 1 ga Disamba 1944, bayan sun nemi haƙƙinsu na albashi.

A bakin tekun Normandi, a garin Colleville, akwai maƙabartar sojojin Amurka mai kaburbura fiye da 9,300, jere reras a kan ciyawa, inda shugabannin ƙasar suke zuwa su yi jawabi in bikin tunawa ya zagayo. Bisa lissafin 2021, mako goma ne kacal bindigogin cikin gida suke buƙata su cika fili irinsa.